Madannan Malam Habu

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya kai ni cin abinci wani wuri a Kano inda shi ne ya haɗa musu na'urar sayarwa. Allon gilashi ne, an jera hotunan abinci a kai. Ya sa yatsa ya jawo hoton shinkafa daga ƙasa ya kai shi sama, ya dube ni yana dariya, ya ce, "Kawu, wai wannan ne aikin da kuka yi shekaru kuna koyo?" Na ce masa shi ne. Ban ƙara ba, don tuwona na hucewa. Amma tunda ku samarin yanzu da yawa haka kuke gani, bari in ba ku labarin aikin yadda na yi shi.

Sunana Sale, mutumin Ƙofa ne ni, ta ƙasar Bebeji. Da na gama firamare babanmu ya ga noma bai karɓe ni ba, sai ya sa aka kai ni Sabon Gari a Kano wurin wani dattijo Bayarabe, Baba Lamidi, mai gyaran tafireta da injin lissafi. Na daɗe ban riƙe komai ba sai tsintsiya da burushi. Daga baya ya bar ni ina goge madannai da auduga da sipirit, sannan ya ba ni sukudireba, sai can da nisa ya yarda in taɓa ƙarfen darma.

A lokacin ne injinan kashiya masu aiki da lantarki suka fara shiga otal-otal da manyan gidajen abinci. Injin kamar ƙaramar akwati yake, da aljihun kuɗi a ƙasa, da naɗin takardar rasit a gefe, da ɗan gilashi mai nuna korayen lambobi. A fuskarsa akwai madannai jere, kowanne da 'yar hular roba da ake ganin abin da ke ƙarƙashinta. Za ka ɓalle hular, ka yanki takarda daidai wurin, ka rubuta sunan abinci, ka mayar. Sai ka murɗa makulli, ka koya wa injin cewa wannan madannin tuwo ne, farashinsa kaza. Wannan ɓangaren kam, mai ƙwaƙwalwa a 'yan kwanaki ya iya shi. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda tuwon zai zauna.

Baba Lamidi ba ya bari mu buɗe jakar aiki ranar farko. Cewa yake, "Je ka nemi benci ka zauna. Sayi abinci ka ci. Ka saurari bakin masu saye, ka kalli hannun mai karɓar kuɗi. In ka dawo ka gaya mini abin da ka gani." In ka dawo ka ce masa abincin da daɗi, ranar sharar shago ce taka.

Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai, wani gidan abincin direbobi ne a Kwanar Dangora. Sun sayi injin a hannun wani otal da ya rufe, suka bar shi yadda suka same shi, rabin kaza da kaza guda suna maƙwabtaka. Kullum sai an yi faɗa. Direba ya biya rabi a kawo masa guda, ko ya biya guda a kawo masa rabi, ya tashi yana dukan tebur. Na wuni a kan benci, sai na lura matar da ke danna injin bahaguwa ce, ga ta da goyo, kuma duk abin da aka fi saye yana can gefen dama, sai ta karkata jiki kafin ta kai. Na raba kajin nan, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na dawo mata da shinkafa da wake ƙarƙashin hannun hagu. Ka'idojin ba su da yawa. Abin da aka fi nema ya zauna inda yatsa ke sauka da kansa. Abin da ake saye tare ya zauna tare. Abin da sunansa ya yi kama da na wani a nisanta su. Madannin soke ciniki kuwa a kai shi can lungu, inda ba a zuwa sai da niyya. Faɗar su da sauƙi. Amma kowane gida da nasa mutanen, kowane kashiya da nasa hannun.

Da Baba Lamidi ya yaye ni na dawo gida na sayi tsohon babur. Daga Bebeji zuwa Kiru, zuwa Tudun Wada, wani lokaci har Doguwa, duk inda aka ajiye irin injin nan ni ake kira, kuma ba su da yawa. Jerin madannai sau ɗaya ake yinsa, sauran aikin duk ƙazanta ce. Kyankyasai suna son ɗumin cikin injin, nan suke ƙyanƙyasa. Manja da miya suna bi ta tsakanin madannai su daskare. In wuta ta daɗe ba ta zo ba, ɗan batirin ciki ya mutu, injin ya manta komai, sai ka sake koya masa tun daga tuwo. Da damina kuma sai ka ɗaure jakarka a ka ka tura babur cikin laka.

Gidan da na fi daɗewa ina yi wa aiki na Hajiya Asabe ne a Tiga. Mijinta ma'aikacin ruwa ne, ya rasu ya bar ta da yara, ta fara da tukunya ɗaya a gindin darbejiya har ta gina ɗaki mai tebura da fanka. Da safe masunta, da rana ma'aikatan ruwa, da yamma masu noman rani da direbobin da ke lodin tumatir, ran Lahadi kuma mutanen Kano masu zuwa kallon dam. Mutane sun yi yawa har masu zuba abinci ba sa jin abin da ake kira musu. Shi ya sa ta sayi inji. Mutum ya biya a bakin ƙofa, a ba shi rasit, ya miƙa ta taga a zuba masa abin da ke rubuce.

Mai karɓar kuɗinta wani dattijo ne mutumin Yako, Malam Habu, tsohon mai awon hatsi. Tun tana gindin bishiya yake tare da ita. Bai yi boko ba, amma ajami a wurinsa kamar shan ruwa. Ranar da na sauke injin ya zagaya shi, hannayensa a baya, ya ce, "Ɗan nan, ni fa ba zan taɓa akwatin nan ba. In Hajiya ta gaji da ni ne, ta faɗa mini da bakinta."

Hajiya ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, in ka tafi, da kai da akwatin za ku tafi. Mai inji, yi masa yadda zai gane."

Na rubuta takardun madannan da ajami. Ya ɗauki ta farko ya duba, ya ce, "Wa ya koya maka wannan wasalin? Wannan ai tawa ka rubuta, ba tuwo ba." Ya karɓi alƙalamin ya rubuta sauran da kansa. Ina kallonsa na ga idonsa da hannunsa daga dama suke farawa, kamar yadda ya saba a allo. Sai na juya jerin gaba ɗaya. Tuwon shinkafa, tuwon dawa da shinkafa da miya suka zauna ƙasa ta dama. A samansu miya, na sa taushe tsakanin kuka da kuɓewa. Layin kifi, karfasa da tarwaɗa da farfesu, na shafa masa shuɗi, na nama ja. Fura da nono na kai ta gefe, don sai hantsi matan Fulani suke isowa da ƙore, kuma kafin la'asar ta ƙare. In ta ƙare sai ya kifa murfin kwalba a kan madannin. Wannan dabararsa ce, ba tawa ba.

Kafin wata ya zagayo ya daina kallon injin. Yana gaisawa da mutum, yana tambayar iyali, yatsunsa na tafiya da kansu.

An yi shekaru haka. Wata rana na je wanke injin, da mutane suka ragu ya jawo ni gefe ya rage murya. Ya ce, "Sale, rubutun nan ya fara guje mini. Na je asibiti a Kano, sun ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce take mutuwa. Kalar kuɗi ina gani in na kawo kusa. Amma madannan sun zama abu ɗaya. In hannuna ya goce sau ɗaya, ba ni da yadda zan dawo da shi."

Na ce, "Baba, Hajiya ta sani?"

Ya ce, "Ban gaya mata ba."

Na zauna na yi wa kowane layi alamar da yatsa zai ji. Madannin farko na layin tuwo na ɗiga masa gam ya bushe ya yi tsini. Na kifi na manna masa guntun samfefa. Na nama na kankare gefen hularsa da reza. Na soke ciniki na kewaye shi da zare mai kauri. Ya rufe ido ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu, bai kuskure ba. Da zan tafi Hajiya ta biyo ni har wurin babur, ta ce, "Ka yi masa abin da zai riƙa shafawa?" Na sunkuya ina ɗaure jakata. Ta ce, "Na riga shi sani. Tun bara yake zuba shayi a gefen kofi. Kada ka ce masa mun yi maganar nan."

Sai mummunar shekarar ta zo. Ku da ba ku gan ta ba, ba za ku gane ba. Farashin safe daban, na yamma daban. Man fetur sai an kwana a layi. Albashin ma'aikata ya riƙa makara, mutanen Kano suka daina zuwa kallon dam. Hajiya ta riƙa aiko mini in zo in canza farashi, har abin ya fi ƙarfin man babur ɗina, na koya mata yadda ake murɗa makullin ta yi da kanta.

Amma cire abinci ni take kira. Kaza ce ta fara tafiya. Sai hanta. Sai farfesun kifi, don masunta sun gwammace su kai manyan kifaye Kano. Duk wanda aka daina, sai in zare takardarsa in sa fara, in bar madannin a wurinsa, don kada hannun Malam Habu ya rikice. A hankali fuskar injin ta koma rabi fari. Rannan Hajiya ta ce in ƙara sabon madanni. Na ce na mene ne. Ta ce, "Tuwo ba nama." Na zauna a benci kamar yadda aka koya mini, na ji mutanen da na sani da sayen nama yanka biyu, manyan ma'aikata, suna sunkuyowa kusa da kunnen Malam Habu suna faɗarsa a hankali. Kafin azahar na ga shi aka fi saye. Dole na ba shi wuri mafi kyau a injin, ƙasa ta dama. Bayansa aka ƙara rabin faranti. Malam Habu ba ya maimaita waɗannan da ƙarfi kamar yadda yake yi wa sauran. Dannawa kawai yake ya miƙa rasit a naɗe.

Cikin daminar shekarar aka yi wata tsawa da rana tsaka, wutar lantarki ta yi sama, injin ya yi ƙara ya fitar da hayaƙi. Da na buɗe, allon cikinsa ya yi baƙi ƙirin. Na ɗauke shi na tafi Kano. Shagon Baba Lamidi na tarar an mai da shi wurin sayar da katifa, aka ce ya tattara ya koma garinsu. Na bi masu kayan gyara rumfa rumfa. Kowa ya duba sai ya girgiza kai ya ce an daina shigo da irinsa, ko an samu ma kuɗinsa ya fi na injin. Abin da na iya samu wanda Hajiya za ta iya saye wani na hannu ne, mai kyau kuwa, ya fi tsohon sauri. Sai dai ba shi da madannai masu tasowa. Fuskarsa shafaffiya ce kamar faranti, an lulluɓe ta da leda, an zana ƙananan gidaje a jikinta, da ka taɓa ya ɗauka.

Na yi duk abin da na sani. Na maimaita jerin daidai yadda yake a tsohon. Na ɗiga gam, ledar ta ƙi riƙewa. Na manna zare tsakanin layuka da salatif, zafin kicin ya ɗaga shi. Na yanka kwali na huda masa tagogi na ɗora a kai, wannan ya ɗan zauna. Amma gidajen ƙanana ne, sun matsu, yatsun Malam Habu kuma na mai awo ne, masu kauri. Babbar matsalar ita ce shi da shafawa yake nemo wuri, wannan injin kuwa shafawar ma dannawa ce a wurinsa.

Ranar da aka fara aiki da shi na tsaya a bayansa. Da safe an lallaɓa. Da rana ma'aikata da direbobi suka zo lokaci ɗaya, layi ya kai waje. Wanda ya ce tuwo sai rasit ya fito da tuwo da shinkafa da karfasa. A soke, a sake. Wani ya kai takarda taga aka zuba masa abin da bai nema ba, ya dawo da farantin. Gumi ya jiƙe wa Malam Habu hula. Sai wani direban tumatir, baƙo ne bai san kowa ba, ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Hajiya, don Allah a samo mai ido mana, muna da lodi!"

Wani tsohon masunci ya juya zai yi masa magana, Malam Habu ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙyale shi, gaskiya ya faɗa. Sale, zo ka danna, ni in kira maka." Haka muka sallami layin, yana karɓar kuɗi yana faɗa, ina dannawa.

Bayan la'asar ya ciro makullin aljihun injin daga wuyansa ya ajiye a gaban Hajiya.

Ta ce, "Malam, mene ne haka? A jefar da injin. Mu koma kira da baki kamar da."

Ya ce, "Hajiya, ba injin ba ne kaɗai. Kuɗin ma yanzu sai na tambayi mai bayarwa nawa ne. Da hannuna yana gudu, ba wanda ya lura. Yau kowa ya gani."

Ta ce, "To ka zauna a bakin ƙofa kana gaisawa da mutane. Abin da nake ba ka ba zan rage ba."

Ya ce, "Kin sallami masu wanke-wanke biyu a watan nan, masu ƙananan yara. Ba zan zauna a kujera in ci rabonsu ba. Allah Ya saka miki da alheri. Ki yafe mini abin da na yi miki."

Ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige kicin. Ni na goya shi a babur zuwa Yako, da buzunsa da butarsa da 'yar jakar kayansa. Da muka kusa ya ce in sauke shi a bakin masallaci, daga nan ƙafarsa ta san gida.

Wata 'yar Hajiya ce ta karɓi injin, kuma ta iya shi sarai. Amma gidan bai daɗe ba. Aka yi wa ma'aikata da yawa canjin wuri, aka sallami wasu, teburan suka zama fayau. Kafin wata daminar Hajiya ta sayar da fanka da kujeru da injin, ta koma wurin babban ɗanta a Kano. Sauran gidajen da nake yi wa aiki su ma ɗaya bayan ɗaya suka tura injinansu ƙarƙashin tebur suka koma tara kuɗi a gwangwani. Ni ma na koma gyaran rediyo da tocila a bakin kasuwar Ƙofa, a nan na tsufa.

Bayan an rufe gidan na je Yako in gaya masa, don kada ya ji a bakin mutane. Na same shi a zaure, idon ya tafi gaba ɗaya, ya maƙale rama a babban yatsan ƙafa yana tufka igiya. Da sallamata ya gane ni. Muka gaisa, na faɗa masa. Hannunsa ya tsaya. Ya yi salati, ya ce, "Ladi mai tuƙa tuwo fa, ina ta nufa? Mijinta ba shi da lafiya." Na ce ban sani ba. Ya ce, "Masuntan safe kuma ina suke karyawa?" Na ce shi ma ban sani ba. Sai ya ci gaba da tufkarsa.

Da na tashi tafiya ya laluba gefensa ya ɗauko wata igiya da ya gama, ya miƙo ta wajen da yake jin muryata. Ya ce, "Ungo, ka riƙa ɗaure kaya a babur." Na sa hannu a aljihu, ya ji motsin, ya ce, "Kul. Ka dai duba mini bakinta, ko na ƙulle shi da kyau. Jikokina duk abin da na yi sai su ce ya yi."

Na duba. Bakin ya ɗan warware. Na gaya masa. Ya ce, "Yawwa. Miƙo ta nan."